Jan Wake Cikin Hula

Ƙanwata ta auri ɗan kawunmu, aka kai ta Tudun Jukun. Ni kuwa na ci gaba da zama a gidanmu na gado a Ƙofar Kibo, ina aikin babbar riga a zaure kamar yadda na taso na ga mahaifinmu yana yi. A lokacin, gidaje irin namu ba su san gwajin jini kafin aure ba. Asali ake dubawa da hali, su kuwa duka biyun tun suna goye muka san su.

Ɗanta na fari namiji ne. Bai kai ga rarrafe ba hannuwansa suka kumbura, ya dinga kuka, ko taɓa shi aka yi sai ya ƙara. Na yi masa rubutu da hannuna, aka wanke aka ba shi, daga baya aka kai shi asibiti. Can aka ce sikila ce, amosanin jini, kuma ita da mijinta kowa na ɗauke da rabin ciwon bai sani ba. Ma'aikaciyar da ta yi musu bayani ta ce a aure irin nasu, ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da shi.

Da maganar ta iso gida, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana jan carbi ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ai kamar zakka ce. An fitar da ɗaya, ukun da ke tafe sun tsarkaka."

Duk muka karɓi wannan magana hannu biyu. Mu mutanen da muka saba da fitar da rabo ne, idan an auna an cire, abin da ya rage naka ne. Ƙanwata ta riƙe ta kamar igiyar rijiya. Sai ga mace ta biyo baya lafiya lau, wata macen ta sake biyowa lafiya lau. Mahaifiyarmu ta rasu tana da yaƙinin cewa lissafinta ya fita.

Shi kuwa babban yana nan, siriri, idanunsa da ɗan rawaya. Idan damina ta yi sanyi ƙasusuwansa sukan tashi. Na sha ganin uwarsa ta goya shi alhali ƙafafunsa na dukan gwiwoyinta, tana zagaya tsakar gida da shi don ya samu sauƙi. Da ta samu ciki na huɗu ta zo gaishe ni, fuskarta a sake, ta ce, "Yaya, wannan shi ne cikon ukun da Inna ta faɗa. Daga shi na rufe, in ji da mai ciwona."

Akwai wani tsohon malamin lissafi daga Wusasa, Kirista ne, Bahaushe, wanda ya daɗe yana kawo mini riguna. Ina ce masa Ticha, shi kuma yana tsokanata da Alaramma. Wata rana da hantsi ya zo duba rigar da zai sa a bikin ɗansa, ya tarar ban ko gama wuya ba.

"Alaramma, jikana ne zai sa rigar nan ko ni?"

"Ticha, allura ba ta san ƙararrawar makaranta ba. Zauna."

Ya zauna muna hira, har na ba shi labarin ƙanwata da zancen zakka, ina murna. Sai na ga dariyarsa ta ɗauke. Ya ce in sa a kawo masa wake daga cikin gida, fari uku, ja ɗaya, ya ce jan shi ne ciwon. Ya cire hularsa ya zuba su a ciki, ya girgiza, ya ce in sa hannu ba tare da na duba ba. Na zaro fari. Ya ce in mayar. Na sake zarowa, sai ga jan. Na ajiye shi gefe a kan tabarma.

"Mayar da shi," in ji shi.

"Ai ya fita."

"Wa ya fitar da shi? Don an haifi yaron nan, jinin ƙanwarka ya canja? Na mijinta ya canja? Kowane ciki da ta ɗauka, waken nan huɗu suna nan cikin hular. Hula ba ta tuna abin da ta ba ka jiya."

Na mayar da jan waken cikin hular. Ya ce in ɗauko takarda in rubuta, zai faɗa mini. Na juya bayan takardar da nake zana fasalin askar riga a kanta, na fara rubutawa da ajami. Ya leƙo ya ce, "Kai kullum rubutunka baya yake komawa. To, a hankali dai."

Ya ce mu ɗauki gida mai 'ya'ya huɗu, wato zara huɗu ke nan. Kowace zara kowanne cikin wake huɗun na iya fitowa, saboda haka huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu, hanyoyi ɗari biyu da hamsin da shida. Ya ce in ɗauke su kamar gidaje ne jere. Gidajen da duk fari suka zara, uku sau uku sau uku sau uku, tamanin da ɗaya. Waɗanda ja ya faɗo musu sau ɗaya tak, zai iya faɗawa kan na fari, ko na biyu, ko na uku, ko auta. Gurbi huɗu, kowane da hanya ashirin da bakwai, ɗari da takwas ke nan. Da muka zo kan ja biyu sai ya ce in nemo da kaina, ta hanya nawa za a zaɓi yara biyu cikin huɗu. Na soke allurai huɗu a jikin rigarsa, ina haɗa su bibbiyu da zare, na samu shida. Fararen biyu da suka rage, uku sau uku, tara. Shida sau tara, hamsin da huɗu. Ja uku, gida goma sha biyu. Sai gida ɗaya da duka huɗun suka zo da ciwo.

Na ce masa, "Ticha, wannan ba shiga gaibu ba ne?"

"Ina! Lissafi ya san yawan gidajen, bai san ƙofar kowa ba. Wannan sai Mai sama. Abin da na sani kawai, cikin da ke jikinta yanzu, ɗaya cikin huɗu ne, daidai da na farko."

Na kwana biyu ina juya maganar, ina roƙon Allah zaɓi. Bayan sallar Azahar na sa waken a aljihu na tafi Tudun Jukun. Na sami ƙanwata tana shafa wa babban yaron mai a ƙafafu. Na jira ya yi barci, sannan na faɗa mata a hankali yadda na iya. Na cire hulata na zuba waken na miƙa mata.

Ta dubi hular, ba ta motsa ba. "Yaya, 'ya'yana ba wake ba ne. Ba zan sa hannu ba."

"Ba don in tayar miki da hankali ba ne. Don in an haihu a gwada da wuri."

"Inna ta bar mini magana ɗaya da nake kwana a kanta, ka zo ka ɗauke. Me ka kawo mini a madadinta?"

Na kwashe waken. Na mayar da hulata na yi mata sallama. Har ta haihu, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Mace ta haifa, kyakkyawa, mai cikar gashi. Matata ta ce mini kowace safiya kafin ƙanwata ta ba jaririyar nono sai ta buɗe 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ba ta jira kumburi ba, da kanta ta kai ta gwaji. Aka ce sikila ce. Aka fara ba ta magani tun ba ta san zafin ba, aka koya wa uwar yawan ba ta ruwa da kare ta daga sauro da sanyi.

Babban bai ga ƙarshen daminar da ta biyo ba. Ciwon ya kama ƙirjinsa, aka kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi masa wanka, ya yi mini sauƙi a hannu kamar riga.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida in yi mata bankwana. Tana zaune a ƙofar ɗaki da autar a cinya, 'yan matan biyu sun jingina da ita. Na yi mata addu'a, ta amsa. Har na juya sai ta kira ni.

"Yaya, lissafin nan na abokinka. Masu huɗu, biyu da ciwo, irina. Gida nawa ya ce?"

"Hamsin da huɗu, cikin ɗari biyu da hamsin da shida."

Ta daɗe tana kallon hannun yarinyar a cikin nata. "Ashe muna da yawa," in ji ta. "Ni da na zaci ni kaɗai aka tsallake wa ƙa'ida. Allah ya ba su haƙuri. Akwai kuma wadda duka huɗun ne?"

Na ce akwai, gida ɗaya.

"Ita zan riƙa sa wa a addu'a," ta ce. Ta jawo kofin ruwa, ta ɗaga kan autar, ta fara ba ta kaɗan-kaɗan.