Ruwan Kawu Mande

Kawu Mande ya rasu a ƙauye, babu ɗayanmu a kusa. Tsofaffin da suka rage ne suka binne shi.

Kun san shi da jarkarsa. Ya yi aiki a ɗakin bincike a birni, abin da ya dawo da shi ke nan: wani ruwa garai-garai mai santsi, wai shi foli-etilin gilaikol. Mu ruwan Kawu muke cewa. Ya ce akwai mai kauri kamar kakin zuma, amma nasa tsinkakken ne, mai ratsa abu. Wai can da shi suke tausasa roba, su hana kayan gwajinsu bushewa. A nan kuwa, duk abin da ya bushe a gari ya shiga uku.

Ya shafa wa Inna a kaushi. Ya shafa wa takalmin liman. Ana jibi biki ya lallaɓa ya shafe fatar gangar Bawa makaɗi. Fata ta yi laushi, aka doka ta ƙi magana. Bawa ya zo yana zagi. Kawu ya taɓa fatar ya ce, "Wagga har jikanka sai ya gaje ta." Bawa ya ce jikan ya gaji gangar da ba ta ƙara ya ci me?

Ba ya zuba wa kowa a hannu. In ya gama shafawa, sai ya matse tsumman cikin jarka, ya girgiza ta a kunne ya ji saura.

Ni masassaƙi ne, akussana kan tsage in sun bushe. Ya karɓi ɗanye ɗaya ya jiƙa. Bai tsage ba, amma da damina ta faɗi sai ya dinga gumi kamar randa, Kawu kuma ya hana a zuba tuwo a ciki. Na ce to ina amfaninsa? Ya ce, "Ya tsage?"

Da 'yan bindiga suka matsa mana, muka ɗaure kaya. Na samo masa mashin. Na iske shi tsugune gaban daro, da wani akushin a ciki. Mai mashin ya ce ba ya ɗaukar daro cike da ruwa a wannan hanyar. Na roƙi Kawu har na gaji.

Ya ce, "Icce na shan ruwa, ɗana. Ku tahi. In ya ƙoshi ina nan tahe."

Hanya ta rufe bayanmu. Zazzaɓi ya kama shi, ba mai kai shi asibiti.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sada mu da shi a Aljanna. Ni ina Gummi, ina dako a tasha. Duk mashin da ya fito ta wajen ƙauyenmu, sai na tambaya ko hanya ta buɗe.