Ɗauko Gwaggo Hadiza Daga Hamdara

Zinder zuwa Miriya

Ana sallame sallar asuba na buga babur ɗina mai dogayen ƙafafu. Likitocin ido sun sauka a garinmu Zinder, kuma ranar ce ta ƙarshe da za su karɓi masu yanar ido. Gwaggo Hadiza, wadda ta raine ni, ta daɗe ba ta gani, tana can wani ƙauye bayan Hamdara. In ban kawo ta kafin la'asar ba, shi ke nan.

A kan kwalta babur sai gudu yake, har na yi mamaki. Jandarman bakin Miriya ya duba takarduna, ya ce, "Malam, a hankali dai."

Hamdara

Ina sauka cikin rairayi ƙarya ta ƙare. Babur ya kasa ja, kuloci na warin ƙuna, ni kaɗai ma sai na sa ƙafa. Ina ga in na goyo tsohuwa? Da turi na isa rumfar wani mai gyara, Malam Ilu. Muka buɗe murfi, sai ga pinyon, wato ɗan faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, ba nawa ba ne. Ƙanena Sani mai kabu-kabu ya ari babur ɗin, ya sa babba, mai ƙara gudu amma mai rage ƙarfin ja, don ya riƙa tsere a hanyar Takieta, bai ko gaya mini ba. Da yana kusa da ya sha mari.

"Kana da ƙarami?" na tambaya.

"Babu, sai dai mu ƙara girman faifan baya."

Ya ciro wani babban faifai daga tsohon babur ɗinsa na dakon hatsi. Muka kwance ƙafar baya, muka ɗaura, noti ya zauna daidai. Amma sarƙa ta gaza, ba ta kai ba. Malam Ilu ya dubi ƙyauren shagonsa, ashe da tsohuwar sarƙar babur yake ɗaure shi. Muka yanko gaɓa biyu muka haɗa.

"Shagon fa?" na ce.

"Je ka kawo uwarka, ni zan kwana a ciki."

Ƙauye da komowa

Na tarar da Gwaggo zaune da ƙullin kayanta tun hantsi. Na ɗaura ta a bayana da zane. Babur ya riƙa keta rairayi sannu a hankali, ko tari bai yi ba, sai a nan na ji sanyi a raina. Da muka hau kwalta kuma ya ƙi gudu, sai kururuwa, masu keke ma suna harararmu.

"Mamman, jaki ka ɗauko ni a kai?"

"Gwaggo, riƙe dai."

Ana kiran la'asar muka shiga asibiti, ma'aikaciya na shirin rufe ƙofa. Ta dube mu, duk mun yi buɗu-buɗu, ta ce a shigo da ita.

Gida

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Malam Ilu da alheri. Ranar da aka kwance mata bandeji ina tsaye a gabanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shafa gemuna.

"Mamman, yaushe ka yi furfura ban sani ba?"