Tawadar Da Na Rantse Ja Ce

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, ana neman malamai ido rufe, ni ma aka ɗauke ni koyarwa a wata makaranta a Tarauni. Ɗaukar gwaji ce. Hedimasta zai sa mini ido zango ɗaya, in ya gamsu a tabbatar da ni, in bai gamsu ba in kama gabana. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, mahaifiyata da ƙannena duk a kan wannan aikin suka ɗora rai. A Gyaɗi-Gyaɗi muke zaune, kullum da safe in hau keke in ratsa ta gonaki, don a lokacin tsakaninmu da Tarauni dawa da gero sun fi gidaje yawa.

Hedimastan namu dattijo ne mai tsoron Allah, amma ba ya wasa da ƙa'ida. Ya tsani biro, ya ce shi ke lalata hannun yara, don haka kowane malami sai ya nemi alƙalami mai zuƙar tawada. Har launin tawadar ma ya raba mana. Manyan ɗalibai su yi rubutu da shuɗiya, malamai su yi gyara da ja, koriya kuwa tasa ce shi kaɗai, yadda duk wanda ya buɗe littafin yaro zai san hannun wa ya bi ta kai.

Akwai wani mai tebur a bakin titin Zariya da ke jiƙa garin tawada, ya ɗura a 'yan kwalaben allura ya jera, babu wata takarda a jikinsu. Wurinsa na je, sanye da sabuwar riga, alƙalami a aljihun gaba yadda makaho ma zai san an zo. Ya ce, "Wacce za a ba Malam?" Karo na farko ke nan da wani ya kira ni Malam a titi. Kaina ya fasu. Na ga bai dace babban mutum irina ya tsaya dogon bayani ba, sai kawai na nuna kwalbar da na ga ta fi ja da yatsa, ya miƙo mini.

Na yi kwanaki ina zabga maki a littattafan 'yan ajina, ina ƙawata sa hannu da wata doguwar jela. Rannan hedimasta ya aiko a kira ni. Na tarar da littafi buɗe a gabansa. Ya tambaye ni yaushe aka yi mini ƙarin girma shi bai sani ba. Na yi murmushi, na zaci yabo ne. Sai ya ce koriyar tawada ba ta malamin gwaji ba ce, kada ya sake gani. Na leƙa shafin, ni dai ja na gani. Na ce to, na ba da haƙuri, na fito ina tausayin bawan Allah, a raina ina cewa tsufa ya fara taɓa masa ido.

Da na ba mahaifiyata labari ina dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in kawo mata kwalbar ta duba mini. Na ce haba Inna, yanzu har tawadar makaranta ma sai kin sa hannu? Ta ci gaba da tankaɗe.

Don a zauna lafiya na koma wurin mai tebur, wannan karon na buɗe baki na ce a ba ni ja. Ya ba ni. Da na dawo gida na ajiye ta kusa da ta farkon a kan taga, na duba, na sake dubawa a hasken rana. Iri ɗaya ne sak. Hankalina ya kwanta, na tabbata ni ke da gaskiya tun farko. Daga nan duk wadda hannuna ya fara taɓawa ita nake zuƙa.

Ba a daɗe ba, wata ranar Alhamis, hedimasta ya shigo ajina da kansa, littattafai a hannu. Ya fitar da ni baranda don kada yara su ji. Ya ce ya yi mini gargaɗi, na amsa da to, ga shi na sake, har ma ina cakuɗawa, yau ja gobe kore, kamar mai yi masa ba'a. Raina ya ɓaci, don na gaji da ɗaukar laifin da ban yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi tallahi wannan ja ce. Duk ja ce."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Na zaci zai yi faɗa, sai ya ja da baya kamar na zuba masa ruwan sanyi. A hankali ya ce, "Malam, rashin kunya ana gyara ta. Amma wanda zai kama sunan Allah a kan abin da idonmu ke gani ni da shi, ba zan bar masa 'ya'yan mutane ba." Ya ce ranar Litinin in zo in miƙa kayan aji.

Na hau keke na kama hanya. Tun kan hanya na yanke hukunci cewa in dai akwai mai laifi to mai tebur ne. Na biya gida na kwaso kwalaben biyu, na dire masa su a gaban jama'a, na ce ya gaya mini wace irin tawada yake sayarwa da take raba mutum da aikinsa. Ya ɗaga su ya duba, ya ce ai ga ja ga koriya, wace ce ta lalace? Na ce kada ya raina mini hankali, abu ɗaya ne. Ya ɗiga kowacce a kan takarda, ya miƙa wa wani direban babbar mota da ke shan shayi a gefe. Direba ya ce wannan ja, wannan kore. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi ta leƙo ita ma ta faɗi haka, tana dubana da tausayi.

Duk da haka ban yarda ba. Na ce haɗa baki suka yi. Na karɓe kwalaben na kai bayana na juya su, na fito da ɗaya, direba ya ce koriya. Na sake juyawa, na tare wani mai wucewa da bai san abin da ake ciki ba, shi ma ya raba su ba tare da ya ko tsaya tunani ba. Na yi ta yi har mutane suka daina dariya. Nan na zauna a bencin mai shayi. Na dubi titi, na dubi zannuwan mata, na dubi ganyen darbejiya, tsoro ya kama ni. Ashe duk mutanen nan wani abu suke gani da ni ban taɓa gani ba, kuma na kai shekara ashirin ban sani ba.

Da na shiga gida mahaifiyata ta dube ni sau ɗaya ta ajiye muciya. Na gaya mata komai, ina jiran ta yi salati. Ba ta yi ba. Ta ce ta sani. Tun ina ƙarami, in ta aike ni bayan gida in tsinko jan barkono, sai in dawo da ɗanye da nunanne a haɗe ina murna. Shi ya sa ta daina aikena sayen tumatir, ni kuwa duk tsawon shekarun nan na ɗauka don ina ɗan boko ne ake girmama ni. Hulunana ma ita take zaɓa ta ɗora a kan rigar da zan sa. Ta ce mahaifinta, kakana, haka yake, kuma ɗinkin hula ne sana'arsa. Kakarmu ce take ware masa zare, ta yi wa jan ƙulli a baki, har ya rasu abokan cinikinsa ba su sani ba.

Wannan ya fi na bakin titi girgiza ni. Na ce, "Inna, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Ba ciwo yake yi maka ba, ba kuma magani gare shi ba. Na ga kana cikin farin cikinka, na ce in bar ka. Ban san zai biyo ka har wurin aiki ba."

Ranar Litinin ta yafa mayafi ta ce mu je, ba za a kira ɗanta mai rantsuwar ƙarya ba tana raye. Ita da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Na tura keke, muka taka a ƙasa har Tarauni. A ofis ta gaida hedimasta, ta yi masa bayani a nutse, sannan ta kwance bakin zane ta fito da wata tsohuwar hula. Ta ce wannan ce kaɗai mahaifinta ya ɗinka ba tare da an ware masa zare ba, lokacin da kakarmu ta tafi gidansu wankan jego.

Hedimasta ya juya hular a hannu ya daɗe yana kallo. Daga baya na ji cewa aikin ya faro da ja, ya koma kore a tsakiya, ya sake dawowa, babu tsari ko kaɗan. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na duba iya dubawata, don na san aikina na cikin hular nan, amma ban ga aibi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, hula ce mai kyau."

Dattijon nan ya cire tabarau ya yi salati. Ya ce ya zarge ni da abin da ban yi ba, in yafe masa don Allah. Babban mutum yana roƙon gafarar yaron gwaji a gaban uwarsa, ni kunya ma ta hana ni ɗaga kai. Ya ce in koma aji. Kafin mu fita, mahaifiyata ta zaro zare daga bakin mayafinta, ta ɗaura a wuyan kwalbar jan da na zo da ita, ta yi ƙulli.

Na yi shekaru ina koyarwa, har ni ma na zama hedimasta, koriyar ta zama halalina, amma ban taɓa zuƙar tawada ba sai na shafa wuyan kwalba. Abin da ya zauna mini a rai shi ne, ranar nan da gaske na rantse, shi ma da gaske ya ƙaryata ni, kuma babu maƙaryaci a cikinmu. Tun daga lokacin, in yaro ya kafe a kan abin da kowa ya ga ba haka ba ne, ba na saurin ɗaukar bulala. Har yau ban san mene ne wannan jan da kuke ta yabo ba, kuma wani lokacin abin yana yi mini ciwo.

Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ƙauna ce ta sa ta yi shiru, ban taɓa riƙe ta a rai ba. Amma kwanakin baya jikana, ɗan 'yata, ya kawo mini zanen da ya yi a makaranta. Ni na ga bishiya lafiya lau, sai na lura uwarsa tana kallon takardar ta yi shiru, irin shirun da na sani. Ban bari an kwana ba. Na ɗora shi a cinya na ce, zo in gaya maka wani abu da ni da kai kaɗai muka gada a gidan nan.