Ƙofar Malam

Cikin duk ranakun da na yi ina tuƙa motar likitar haƙori, wadda ba ta taɓa barin raina ba ita ce ranar da Dokta Salamatu ta tuɓe takalminta a wani gida a Salaga, ta ba wani ɗan kasuwar doya haƙuri a gaban iyalinsa. Ku sababbin ma'aikata kuna ta tambayata dalilin tambayar nan da take fara yi wa duk wanda ya hau kujerarta. To, ga dalilin.

Sunana Isaka, haifaffen Bawku. Ban yi makaranta ba. Na yi dako, na yi yaron mota, na ja babbar mota har ƙashin bayana ya ƙi. Haƙorana biyu na gaba babu su. A rikicin garinmu na bar su, ranar da na rasa ƙanena. Game da ni, wannan ya isa.

Asibitinmu a Tamale yake, amma duk bayan wata biyu mukan ɗora kujera da injin wuta da na'urori a mota mu yi zagaye. Mu fara da Salaga, mu wuce Yendi, mu hau ta Gambaga mu gangara Bawku, mu dawo gida. Mu uku ne. Dokta 'yar Yendi ce, 'yar gidan malamai, Dagombanci ne harshenta, Hausarta kuwa ta kasuwa ce. Sista Ladi ita ce nas, mutuniyar ƙauyukan Bawku, wadda a Hausarta mace da namiji duk "ya" ne. Sai ni, direba, mai tayar da inji, mai tsare layi.

Ga wanda bai san aikin roba ba, ga yadda yake. Da can, in haƙora sun karkace, waya ake ɗaura musu. Yanzu akwai roba fara mai haske kamar gilashi, wadda ake ƙera ta daidai bakin mutum, ta hau haƙora ta rufe su. Dokta takan zagaya bakin da wata 'yar na'ura, hoton haƙoran ya fito a kwamfuta, ta aika wa masu ƙerawa a Accra. Su kuma su aiko da akwati cike da robobi, kowace da lambarta. Ka sa ta farko dare da rana, ba ka cirewa sai za ka ci abinci ko za ka wanke baki. Bayan mako biyu ka koma ta biyu. Kowace tana tura haƙoran kaɗan, a hankali, har su jeru.

Alhaji Yahuza ya zo mana a farkon damina. Babban dillalin doya ne, jikan fataken goro, mutum mai nauyin baki. Haƙoransa na ƙasa sun hau juna, dasashi na jini, ɗaya kuma yana yankar masa harshe. A sama yana da wushirya mai faɗi, wadda in ya yi murmushi ita ake fara gani.

A Salaga ɗaki muke aiki a ciki, wanda wani malami yake ba mu aro a gidansa. Ku riƙe wannan. Da Alhaji ya kwanta a kujera, sai ya ce, idonsa a rufin ɗaki, "Dokta, a gyara gida yadda ya kamata, amma a bar ƙofar Malam a buɗe."

Sista Ladi ta tashi ta buɗe ƙofar ɗakin, ta tokare ta da dutse. Ta ce mini, "Alhaji ya ji kunya, ba ya so a kulle shi da mata." Ni ma haka na ɗauka, Dokta ma haka. Da aka nuna masa hoton yadda haƙoran za su koma, ya ɗan kalla ya ce madalla. Haƙora ne tsirara ba leɓe ba fuska, bai ma gane nasa ne ba, balle ya lura wushiryar ta rufe.

Ya riƙe doka fiye da kowa. Goro, da aka ce ya rage, ya bari gaba ɗaya, abin da 'yan'uwansa suka ce ko kakansa ba zai yafe masa ba. A kasuwa suna masa ba'a wai Alhaji ya saya wa haƙoransa safa. Bai kula ba. Zuwanmu na biyu jinin dasashi ya tsaya. Zuwa na uku haƙoran ƙasa sun fara jeruwa, wushiryar kuma ta rage sai 'yar tsaga. Dokta ta ji daɗi.

Zuwa na huɗu bai zo ba. Muka gama da kowa, rana ta karkata, washegari da safe kuma ana jiranmu a Yendi. Dokta ta ce, "Baba Isaka, mutumin nan ba ya saɓa alkawari. Je ka kasuwa ka dubo shi."

Na same shi zaune a kan tarin doya, bakinsa babu roba. Na ce, "Alhaji, Dokta na jira."

Ya ce, "Ka ce mata na gode. Na daina."

"Ciwo take maka?"

"A'a."

"To mene ne?"

Ya ciro robar daga aljihu, a naɗe cikin hankici, ya ce, "Mma ta daina gane ni."

Mahaifiyarsa ke nan, Mma Adisa. Tsufa ya rikita ta. Ta manta sunayen jikoki, ta manta 'ya'yanta mata, wani lokaci ta manta ta ci abinci. Mutum ɗaya ya rage mata, shi ne Yahuza, domin wushiryarsa irin ta marigayi mahaifinsa ce sak. In ya shiga ya yi mata murmushi, sai ta kira sunansa, ta karɓi abinci daga hannunsa. Yanzu in ya shiga sai ta ja mayafi, ta ce a fitar da baƙon nan. Abincin ma sai da lallashi.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa wa Dokta?"

Ya ce, "Na faɗa tun ranar farko. Na ce a bar ƙofar Malam. Haka muke kiran wushiryar a gidanmu, Malam mahaifina ke nan. Da na ga ta rufe, na ce wataƙila ba a iya aikin sai da haka. Mace ta wahala a kaina wata da watanni, in je in ce mata ta ɓata? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Na koma na faɗa wa Dokta yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta juya ta kalli ƙofar ɗakin, da dutsen nan da har ranar yake wurin. Ba ta ce Sista ce ta buɗe ba. Ba ta ce ai an nuna masa hoto ba. Cewa ta yi, "A mayar da na'ura mota. Kai ni gidan."

Na ce, "Dokta, Yendi fa? Hanyar ta lalace da ruwa."

"Mu tashi da asuba. Kai ni."

A tsakar gida muka sami tsohuwar a kan tabarma, ta rame. A bangon ɗakinta akwai hoton mijinta da rawani, yana murmushi, ga ƙofar nan a fili. Dokta ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ake gaida uwa a Yendi, har ƙasa. Sannan ta juya wurin Alhaji, matarsa da ƙannensa suna tsaye, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Alhaji, ka faɗa, ni ban ji ba. Bakinka ne, aikina ne in tambaya har in gane. Laifi nawa. Ka yi haƙuri."

Alhaji ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Haba Dokta, tashi."

Ta ce, "Abin da roba ta rufe, roba za ta iya buɗewa. Hoton bakinka na ranar farko yana nan, na san faɗinta. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, zai ɗauki watanni, kuma ban yi alkawarin Mma za ta gane ka ba. Wannan na Allah ne. In ka ajiye robar haka kawai, na ƙasan za su koma yadda suke, ƙofar kuma ba lalle ta dawo daidai ba."

Ya ce, "A yi."

A zaure na tayar da inji, ta sake ɗaukar hoton bakin. Washegari a Yendi, tsakanin mai ciwo da mai ciwo, ina jinta a waya da mutanen Accra. Sun ce su dai rufe tsaga suka sani, ba wanda ya taɓa cewa su buɗe. Ta ce to yau an ce. Har muka isa Bawku suna aiko mata da zane tana mayarwa, wai faɗin bai kai ba. Sista Ladi ta ce, "Dokta ya zama kafinta, yana auna ƙofa." Sabon akwatin da ya iso, ba ta jira zagaye ba. Ni ta aika na kai shi Salaga hannu da hannu.

Abin da nake tsoro, ban faɗa wa kowa ba, shi ne kada tsohuwar ta riga robar. Na san yadda mutuwa take, ba ta jiran a gama aiki.

Sai bayan an cire sabuwar doya ta cika kasuwa muka ga ƙarshen abin. Alhaji ya zo da kansa ya ce mu biyo shi gida. Ya cire roba a bakin ƙofa, ya shiga, ya tsuguna gaban uwarsa da kwanon koko, ya yi sallama, ya yi murmushi. Ta daɗe tana kallon bakinsa. Sannan ta miƙa hannu ta kama masa kunne.

Ta ce, "Yahuza, ina ka shiga? Ka bar wani ƙato ya tare a gidan nan yana cin tuwonka."

Ya ce, "Na kore shi, Mma."

"Ka kyauta. Ba ni kokon."

Dokta ta fita waje ta tsaya kusa da mota, ta ba mu baya. Na bar ta. Mma Adisa ta ƙara kusan shekara, kuma har ta rasu da sunansa take kiransa.

Na ga manya da yawa a rayuwata. Masu iya aiki ba su da wuyar samu. Wanda zai durƙusa ya ce laifina ne, alhali yana da inda zai jingina laifin, shi ne ban cika gani ba. Abin da na koya kuma shi ne, ba duk abin da ya karkace ko ya buɗe a bakin mutum ne ɓaraka ba. Wani gado ne. Shi ya sa tun daga ranar, kafin ta taɓa kowa, Dokta take tambaya, "Me kake so kada in taɓa?" In kun ji amsar da ba ku gane ba, kada ku tashi ku buɗe ƙofar ɗaki. Ku sake tambaya.

Ni ma ta yi mini tambayar. Da can kullum tana bina in bari ta sa mini haƙoran gaba, ina kaucewa. A hanyarmu ta barin Salaga ran nan ta ce, "Baba Isaka, naka fa?"

Na ce, "A bar su. Nan ƙanena yake."

Ba ta sake tayar da maganar ba.