Ranar da Gwaggo ta wanke mini fedal

Fedal uku gare ni lokacin da nake kaɗa jita a gidajen biki a Diffa, ƙananan akwatunan ƙarfen nan da ake takawa su sauya muryar jita. Duk ranar da ba wasa sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in kwance su da turnabis, wato sukudireba, in bi lungunansu da tsohon buroshin haƙori, in goge ramukan waya da auduga da alkol na farmasi. Abin da ke fitowa ya isa a kaɗa miya: garin tattasai, ƙwayar shinkafa, wani lokaci har kyankyaso.

A shekarar ne gwaggona ta taso daga Assaga ta zauna wurinmu. Ita ko akuya ce ta daɗe tsaye kusa da ita sai ta sha wanka.

Wata safiya na fita kasuwa neman pil, wato batirin fedal. Da na dawo na tarar da fedal ɗina a kife kan kwando, tsakanin ludayi da kwanon sha, suna ɗigar ruwa.

"Gwaggo, me ya kawo su nan?"

"Dauɗa. Kullum kana lallaɓa su da auduga sai ka ce jarirai. Na jiƙa su da sabulu, na dirje da soso."

"Kayan wuta ne fa, Gwaggo!"

"To tukunya fa? Ba a wanke ta?"

Na kwance su ɗaya bayan ɗaya na shanya a rana, ita kuma ta zauna da sanda tana korar kaji, tana yi mini faɗan ƙazanta.

Biyu suka farfaɗo. Ta ukun kuwa, wata ja, in na taka ta, sai jitar ta yi kuka irin na kwaɗon kogin Kumadugu mai fama da mura.

A bikin wasu 'yan kasuwa mutanen Damagaram na manta na taka ta. Kwaɗo ya ɓarke. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya, sai na ji guɗa. Uwar ango ta aiko a ce in maimaita.

Ba a yi mako ba wani abokin sana'ata ya zo har gida, wai in gaya masa inda na sayo wannan murya. Na nuna masa Gwaggo. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kawo abin naka gobe, ɗan nan. Ka haɗo da rigar nan ta jikinka."