Zomon Amana da Rabin Bido

Shekarar da kogin Komadugu ya cika har ya cinye gonakin tattasai na bakin gaɓa, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, tun da ba ni da aiki sai jiran ruwa ya janye. A cikinta ne kuma zomo ya shigo gidana.

Maƙwabcina ne ya bar mini shi. Babarbare ne daga ƙetaren kogi, ya yi shekaru tare da mu a Diffa, sannan ya ga lokacin komawa gida ya yi. Ran tafiya direba ya ce shi ba ya ɗaukar zomo cikin kaya. Sai maƙwabcin ya miƙo mini shi a kwando, fari mai baƙin kunne ɗaya, ya ce, "Amana ce. In na zo cin kasuwa zan leƙo shi."

Tsakar gida ba ta zaunuwa gare shi, ga magen unguwa, ga shirwa. Dole ya zauna ɗaki tare da mu. Kwana uku matata tana haƙuri. Ran na huɗu ta ɗaga tabarmar sallarta, ƙwayoyin kashi suka gangaro kamar carbi ya tsinke.

"Maigida, zo ka ga aikin baƙonka."

Na ce, "Ai na ji malamai na cewa kashin abin da ake cin namansa ba ya ɓata salla."

"To, malaman su zo su share. Kuma tun da ka ce abin ci ne, ga tukunya can."

Na roƙe ta. A ƙarshe ta yanke: daga nan zuwa Babbar Salla, wata guda ke nan, in zomo ya jera kwana bakwai yana yi wuri ɗaya, ya zauna. In ba haka ba, zai bi rago.

Na raba tsohon bidon ruwa, wato jarka, gida biyu, na cika rabin da rairayi, na ajiye bakin ƙofa domin can ya fi mini sauƙin zubarwa. Zomo ya ji daɗin abin ƙwarai. Ya shiga ya yi birgima, ya yi barci, ya tashi ya tafi bayan randa ya yi abin da ya saba.

Sai na yi dabarar manomi. Mu in awaki suka dame mu a wurin shanya, yaji muke barbaɗawa. Na daka tattasai da barkono na zuba bayan randa. Bayan azahar iska ta shigo ta taga. Na yi atishawa har hulata ta faɗi, matata tana hawaye tana dariya, ruwan randa ya koma kamar romo. Zomo kuwa yana ƙarƙashin gado yana wanke fuska, ko a jikinsa.

Ta ce, "Sannu, Malam. Mu ka hora, shi ka bari."

Washegari na je duba gona, na biya gidan ƙanena. Ragon layyarsa na ɗaure, harawa a gabansa, taki tuli a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina kallo. Ashe dabba inda take ci, nan take yi. Kuma lungun nan na bayan randa zomo ya riga ya zaɓa, ni ne nake gardama da shi. Da na koma gida na ɗauke randa, na wanke lungun, na sa bido a wurin, na zuba ƴan ƙwayoyin kashinsa a ciki domin ya ji warin kansa, na rataya harawar wake daidai bakinsa.

Matata ta ce, "Shekara ashirin randar nan ba ta motsa ba, yau ta yi ƙaura saboda zomo."

Kafin magariba ya hau bido yana tauna harawa, yana yi a ciki. Na kira ta da ƙarfi kamar an yi mini haihuwa.

A makon nan ne malamar ajinmu ta koya mana sunayen ranaku. Duk ranar da ɗaki ya wuni tsaf, sai in rubuta sunanta a bayan kayena, wato littafin rubutuna. Shi ne rubutu na farko da na yi ba wanda ya sa ni. Sau biyu zomo ya kuskure, na soke na sake farawa. A karo na uku muka kai kwana shida, saura kwana biyu Salla. Na bar kaye kan tabarma na tafi masallaci la'asar. Na dawo na tarar ya cinye shafin, sai ɗan gefe ya rage.

Matata ta duba, ta ce, "To, ina shaida?"

Lokacin sake farawa ya wuce. Sai ta kwance bakin zanenta, ta zuba ƙwallon dabino shida a tafin hannuna.

"Kai kaɗai ka iya ƙirga? Ran Talata ma na ga ƙwaya biyu bakin ƙofa, na ture su da ƙafa. Zo ka gani."

Ta kai ni bayan ɗaki, inda ta yafa irin tattasan da za mu dasa in ruwa ya janye. Ashe can take juye bido kullum. Ganyen ya yi kore shar.

Kwana na bakwai ya wuce lafiya. Ran Salla aka yanka rago, zomo yana kan bidonsa yana tauna harawa. Da maƙwabcina ya zo cin kasuwa, ya ɗaga shi da hannu biyu ya ce ya ƙara nauyi.

Abin da aka yi asara a watan nan: shafi ɗaya na kaye, gefen tabarmar salla, igiyar cajin waya guda biyu, kwano ɗaya na yaji, da ruwan randa guda.