Kurɓin Kunun da Ya Kai Mu Yola

Litinin, daga Mubi

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, motar da muka yi shata ta tsaya a ƙofar gida. Mu uku ne: ni, da matata Dudu, da 'yarmu Aisatu. Ku 'yan rumfar wake da kuka dame ni da tambaya, ga labarin a rubuce. Aji uku na yi a makaranta, na ukun ma rabinsa a gindin mangwaro, saboda haka kowa ya karanta da haƙuri.

Kun san bara aka yi wa Dudu dashen ƙoda, bayan shekara biyu tana wankin ƙoda. Aisatu ce ta ba ta tata. Da aka sallame su likita ya kafa doka: maganin da take sha yana kwantar da garkuwar jiki don kada jikin ya ƙi baƙuwar ƙodar, saboda haka mai mura kada ya matso, kuma kofinta nata ne ita kaɗai. Aisatu ta sayo kofi shuɗi ta ɗaura masa jan zare a hannu.

To ni shekara arba'in da ɗaya, ni ke fara kurɓar kunu in miƙa wa Dudu ragowa. Na dawo daga kasuwar Belel da mura, hanci na zuba kamar indararo. Da safe na ga kofin mai zare, shaiɗan ya ce taɓa, na kurɓa na miƙa mata. Na ce, "Shekara arba'in bakina bai kashe ki ba." Ta dube ni, ta karɓa ta shanye don kada in ji kunya. Kwana huɗu ta fara tari. Kwana tara ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta. Likitan Mubi ya saurari ƙirjinta ya ce a kai ta Yola a ɗauki hoton zuciya.

Mararraba zuwa Gombi

Aisatu ta sa ni gaba kusa da direba, ta ɗaura mini takunkumi biyu, ita da uwarta a baya, gilashi a buɗe. Direban wani Bafulatanin Maiha ne mai yawan magana. Ya ce, "Bappa, kai ne marar lafiyar?" Na ce a'a, ni ne ciwon. Ya yi dariya. A kujerar baya ba wanda ya taya shi.

Shida da kwata muka wuce Mararraba. Kafin Hong aka tsayar da mu a shinge, soja ya leƙo ya ga tsoho da baki a ɗaure kamar jakin da aka hana cin dawa, ya ce in sauke. Aisatu ta ce, "Ranka ya daɗe, bar shi a rufe, alheri ne ga kowa." Ya leƙa baya ya ga yadda Dudu ke jan numfashi, ya ɗaga mana hannu.

A Gombi, takwas saura, muka tsaya don lokacin maganinta ya yi, ba a ɗaga shi ko da minti goma. Na sayi ƙosai mai zafi, na juya zan miƙa mata ɗaya kamar kullum. Aisatu ta tare hannuna. "Baba, ci naka." Na ci nawa a bayan mota, ina kallon awaki.

Song zuwa Jimeta

Ramukan hanyar Song kowa ya san su, ba sai na ɓata tawada ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ji Dudu ta yi nishi. Na ce, "Sannu, Dudu." Ta ce, "Malam, ka daina juyowa, wuyanka zai ƙage." Direba ya ce daga Mubi zuwa Yola kilomita wajen ɗari biyu ne. Ni dai a jikina ya fi haka. Sha ɗaya da minti ashirin muka hau gadar Binuwai, sha biyu saura muna ƙofar asibiti.

Ɗakin hoto

An tura wa Dudu tsinken auduga a hanci, an ɗebi jini, sai bayan azahar aka kira mu. Likitar zuciyar mace ce, ba ta wuce sa'ar Aisatu ba. Ta bar ni in tsaya daga bakin ƙofa. Aka kwantar da Dudu ta ɓarin hagu, aka shafa mata wani abu mai sanyi kamar kamu a ƙirji, likita ta ɗora wani ɗan abu mai kama da taɓarya ƙarama tana zagayawa da shi. Su suna ce wa hoton eko. A allo sai ga wani abu fari da baƙi yana buɗewa yana rufewa, na'urar tana fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri.

Shekara arba'in da ɗaya ina cika baki na san zuciyar matar nan. Ranar na fara ganinta, kuma ban gane komai ba.

Likita ta nuna da yatsa. Ta ce nan ya kamata ya matse da ƙarfi ya tura jini, ga shi yana matsawa a kasalance, ga kuma ɗan ruwa ya taru a gefe. Ta ce ƙwayar murar da aka gani a hancinta, ga mai lafiya kwana kaɗan ce, amma ga mai dashe tana iya kaiwa ga zuciya. In zuciya ta gaza kai jini, ƙodar da aka dasa ita ma za ta sha wuya. Aisatu ta dafa gefen cikinta inda aka yanka.

Sai likita ta ce, "Mama, wa ya fara murar nan a gida?"

Dudu ta ce, "Maƙwabta suna shigowa gaisuwa, 'yata. Wa zai sani?"

Ni namijin duniya, mai bakin da ya gagari dillalan Mubi, na yi tsit. Tari ne ya fi ni gaskiya. Ya taso tun daga cibiya, na danne, ya ƙi, ya fashe cikin takunkumi har sau biyar. Likita ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Ni ne. A kofinta na sha."

Likita ta ce, "Baba, ko ba kofi, ɗaki ɗaya kuke kwana, ba wanda zai rantse ta ina ta shiga." Magana ce mai daɗi. Aisatu ta ce, "Ni zan rantse." Aka ba Dudu gado, aka ce ni kada in taka ɗakin sai tarin ya warke.

Talata da Laraba

Na sauka wurin ɗan ƙanen Dudu a Jimeta. Ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya ware mini kwano da moɗa nawa ni kaɗai. Ashe haka abin yake da ciwo. Tuwon masara da miyar kuka aka kawo, ban san ɗanɗanonsa ba.

Kullum da hantsi sai in zagaya bayan ɗakin da Dudu take, in tsaya jikin taga kamar ɓarawon kaji. Laraba aka sake hoton. Aisatu ta fito ta same ni a gindin darbejiya, ta tsaya nesa. Ta ce ruwan bai ƙaru ba, ƙarfin zuciyar kuma bai dawo ba. Ƙodar tana aiki tukuna. Za a riƙa maimaita hoton, likita ba ta yi alkawarin komai ba.

Na ce, "Aisatu, ki yafe mini."

Ta ce, "Baba, guda biyu Allah ya ba ni. Na ba da ɗaya. In wannan ta lalace ba ni da wata." Ta gyara mayafi. "Inna ta ce ka koma gida, awaki ba mai ba su ruwa. Ta ce kuma ka wanke kofinta ka kife, tana zuwa."

Alhamis, komawa

Bakwai na safe na shiga motar haya a tasha, mu shida a matse, na ja takunkumina ba wanda ya sa ni. Song, Gombi, Hong, ban sayi ko gyaɗa ba. Ɗaya da rabi na buɗe ƙofar gida.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Na gode wa direban Maiha, da mai masaukina, da likitar da ta so ta rage mini kaya ban iya saukewa ba. Ku kuma 'yan rumfa, ku sa Dudu a addu'a, kada wanda ya zo dubiya.

Kofin yana kan randa inda ta bar shi, kunu ya bushe a gindinsa. Na wanke sau uku da ruwan zafi, na kife a kan faifai. Yau kwana shida yana kife.